Abin da Gara Ta Cinye a Takardar Malam

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a tabarma, sai na yi wani mafarki. Kwana hamsin ke nan da rasuwar Malam, maigidana.

Bari in fara faɗin yadda abin yake. Da ciwon ƙafa ya zaunar da Malam a gida, 'yarmu Hajo ta sa masa wani wasa a waya. Wani ɗan mutum ne da bokitin ruwa a ka, yana tafe yana tsallake ramuka. Labarin wasan da Turanci yake fitowa, Malam kuwa ba ya ji. To yana da wata tsohuwar takardar wa'azi ta ajami, gara ta cinye rabinta. Ya ce labarin duk yana ciki. Layin da ya fi karanta min shi ne: "Zai zo ɗauke da," sai huda, "ya tsaya a bakin," sai huda, "har sai an," sai huda. Ya rasu ya bar mutumin tsaye a bakin wata koriyar ƙofa. Tun ranar raina bai kwanta ba. Ina ganin kamar akwai abin da Malam ke jira in yi masa, ni kuma ban san ko mene ne ba.

A mafarkin ni ce cikin wasan. Kowa gaba yake yi, ba mai waiwaye. Wanda ya faɗa rami sai ya sauko daga sama, ya karkaɗe riga, ya ce saura rai biyu. Na tsallake rami bakwai da zanen takaba, gwiwata ko ƙas ba ta yi ba.

Sai ga ni a wata rumfa. Gara uku ne zaune a benci, kowacce ta kai tunkiya, da tabarau a fuska. Mutane sun yi layi, kowa riƙe da takardarsa mai huda.

Na ce, "Sannunku da aiki. Ku kuka ci takardar Malam?"

Babbar ta ce, "Mu ne, Inna. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Abin da ke bayan 'har sai an' nake nema."

"Ai mu ci muka yi, ba mu karanta ba."

Ta tsakiyar ta lashe baki ta ce, "Ni na ci wurin. Da ɗan gishiri-gishiri."

Sallau mai faci, aminin Malam, yana bayana a layi. Ya ce, "Gishiri hawaye ke nan. Shi ya sa ruwan bokitin ba ya ƙarewa. Tun yaushe nake gaya masa." Wani mai hula biyu ya ce a'a, teku ake nufi, ga shuɗin ruwa nan a mataki na tara na wasan. Ƙaramar garar ta rubuta maganar kowa tsaf, ta naɗe, ta cinye.

Sai ga koriyar ƙofa. Malam ne a tsaye da bokitin, ƙafafunsa biyu garau.

Ya ce, "Tasalla, ke ce da tsalle haka?"

Na ce, "Malam, har sai an me?"

Ya yi dariya, ruwan bai zube ba. "Ni abin da nake so ranar nake sawa a hudar. Ranar da na ce har sai an dama kunun gyaɗa fa?"

"Na dama."

"Ranar da na ce har sai an kira Hajo?"

"Ta zo, har ta kwana uku."

"To kin gani. Ba hudar da ba ki cike ba."

"To me ya tsayar da kai nan, mutum sai ka ce mai gadi?"

"Ƙofar gajera ce, bokitin ba ya wucewa. Wanda ya yi wasan kuma bai sa wurin dannawa a sauke ba. Kama min."

Na sa hannu biyu na kama, muka sauke. Ruwan ya ɗan fantsamo min a ƙafa, sanyi kamar na randa. Malam ya murza wuyansa, ya yi hamdala. Ya sunkuya zai shiga, ya ce in gaida Sallau, in gaya masa fassararsa ko ɗaya ba ta yi daidai ba.

Na farka hannayena a miƙe. Ashe wuta aka kawo, tsohuwar fankarmu ta tashi da ƙarar nan tata mai kama da kukan zabo. Na bar ta tana yi, na gyara kwanciya.