An Kawo Wuta

Oga Nehemiah, mai injin casar shinkafa a hanyar Wuro Patuji, dattijon coci ne da ba ya son ɓarna. Dokarsa guda ce: in an ɗauke wuta, kada wanda ya taɓa makunni. A bar shi a kunne, da an dawo da ita inji ya tashi da kansa, kada a yi asarar ko ƙiftawar ido. Kai, wannan tattali sai shi!

To, a lokacin da babu wutar ne kuma ake sa ma'aikacinsa Japhet ya zura hannu ƙarƙashin bel ɗin da ke jan shinkafa, ya kwashe ƙaiƙayin da ya toshe shi. Japhet ya tsani aikin nan. Da wannan hannun yake nome gonar tsohuwarsa a Michika duk damina.

Ran nan kafin ya zura hannu ya ce, "Oga, in kashe makunnin tukuna?"

"Ka kashe me? Wutar da aka ɗauke tun safe? Ɗana, ka cika tsoro kamar farar kura. Mutanen nan sai gobe."

Ashe ranar masu wuta da kirki suka tashi. Unguwa ta kaure da ihu, "An kawo! An kawo!" Mai aski na murna, mai ƙanƙara na rawa. Japhet ma ihun yake yi, amma wa zai bambance? Kafin a ankara bel ya cinye yatsu huɗu.

Oga ya zo asibiti da lemo da ayaba. Ya zuba addu'a mai tsawo, har ya roƙa wa masu wuta gafara, tunda su ne ba su sanar ba. Susana, matar Japhet, ta ƙi cewa amin.

Japhet ya dubi dunƙulen bandejin da ba zai sake riƙe fartanya ba.

"Oga, yanzu dai za a riƙa kashe makunnin ko?"

"Haba! Na samo dabarar da ta fi wannan. Kuma ba zan kore ka ba, ni ba azzalumi ba ne. Na sayo ƙwan lantarki da kujera. Ka zauna ka zuba masa ido, da ya kama sai ka yi ihu, wanda ke ƙarƙashin bel ya zare hannunsa. Aikin ko yatsa ɗaya ba ya buƙata."

Japhet ya buɗe baki zai ce ai ƙwan da bel ɗin tare suke tashi. Oga ya riga ya rufe ido, ya shiga addu'ar sallama.