Duman Rafi a Bayan Ɗakin Inna

Duk damina sai kwazazzabon da ke bayan gidan su Aina'u ya ci ƙasa. Bara ya iso har kusa da bangon ɗakin Inna, mahaifiyarta, wadda ciwon ƙafa ya kwantar. Tun rasuwar Baba babu namiji a gidan.

Aina'u ta je bakin ruwan Watari ta yanko duman rafi, tsiron nan mai yaɗo da yake kafa saiwa duk inda ya taɓa ƙasa. Ta binne rassan a gangaren, ta kewaye da ƙaya. Ruwan wanke-wanke ma can take kai shi. Ya kama, ya shimfiɗu, ƙasa ta daina zubewa. Da bazara ko'ina ya bushe, shi kaɗai ne kore shar, har da furanni.

Koren nan ne ya jawo tunkiyar Malam Tahir, maƙwabcinsu. Kullum sai ta ture ƙayar ta shiga. Aka wayi gari tana karkarwa tana tangaɗi, kafin a kawo wuƙa ta zama mushe.

Malam Tahir ya yi sallama a ƙofar gida, mai unguwa na biye da shi.

"Ke Aina'u, mutane na shuka gero, ke kina shuka guba? Ko miyar da za ki yi wa angonki ce?"

Masu wucewa suka yi dariya. Ta sunkuyar da kai.

"Baba Tahir, ɗakin Inna yake riƙewa."

"Ɗaki Allah ne ke riƙe shi!"

Mai unguwa ya ce a cire, yau tunkiya ce, gobe saniyar wani. Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Cire, 'yar nan. Ba mu da ƙarfin rigima da maƙwabta."

Da fartanya Aina'u ta bi duman rafin. Kowace saiwa ta fito da dunƙulen ƙasa.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko bayan la'asar. Aina'u ta leƙa baya, ta ga gangaren yana narkewa kamar fura a cikin nono. Bango ya tsage daga ƙasa har sama.

Ta goyi Inna ta kai ta ɗakin girki, ta kwantar da ita kusa da murhu. Tana juyawa za ta kwaso tabarma da bargo, suka ji rugugin faɗuwar ɗakin Inna.

Inna ta ce, "Rufo ƙofar, feshi na shigowa."