Honarabul Ba-Mu-Saba-Ba

Tun ranar da ya fara shiga majalisar yankin, maganarsa ɗaya ce. Aka kawo ƙudurin sauya wa kasuwa wuri, ya ce ba mu saba ba. Aka ce a sa fitilun kan titi, ba mu saba ba. Har kujerarsa ta zauren, da soso ya leƙo ta gefe, ya hana a taɓa. Sunan ya bi shi, ƙuri'u ma suka bi shi: zaɓe biyar bai faɗi ba, kuma kowane karo ratar ƙaruwa take yi.

To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo, Honarabul ya gaji tilis. So yake ya koma gida ya miƙe ƙafa, ya ga jikokinsa kafin su yi gemu. Ya gaya wa shugaban jam'iyya ba zai sake tsayawa ba.

"Haba, ranka ya daɗe! Sabuwar fuska? Kai fa ka hore mu."

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Matarsa ce ta kawo dabara, tana shafa masa man zafi. "Tunda sun hana ka sauka, ka faɗi mana. Faɗuwa ai ba ta neman izinin kowa."

Ya hau dandalin kamfen ya yi ta ɓarna da gangan. Zai rushe tsohuwar tasha, zai sauya sunan kowane titi, haraji ma ta waya za a koma biya. Jama'a suka yi ta dariya har da riƙe ciki, sun ɗauka kwaikwayon abokin hamayyarsa yake, wani matashin lauya mai ruwan alkawari. Lauyan ko akwatin unguwarsu bai kawo ba.

Da aka sanar da sakamako Honarabul ya fashe da kuka. Jaridu suka ce hawayen godiya ne.

Ana nan sai wata sabuwar 'yar majalisa ta kawo ƙudurin duk wanda ya haura saba'in ya sauka nan take. Aka bi ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, aka yi kunnen doki, saura tasa. Murna ta cika shi. Ya dafa teburi yana kokawa da gwiwa, "na goyi baya" na bakinsa.

Magatakarda ya ji tausayin tsoho. "Yi zamanka, ranka ya daɗe, tun ɗazu na sa ka cikin masu adawa."

Kakakin majalisa ya buga guduma, zauren ya ɗauki tafi.