Tuffar Ƙarshe ta Gonar Mndolwa

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake fitar da zaƙi da tsami daga reshe guda.

Shekara ashirin da biyu ke nan watan azumi bai taɓa kamawa a ƙauyen Kweshindo, can bisa duwatsun Usambara, ba tare da masu buɗa-baki a masallaci sun sha kununsu da maɗin tuffar gidan Mndolwa ba. Marigayi Athumani Mndolwa, Allah Ya jiƙansa, shi ya dasa itatuwan nan tara a gangaren bayan gidansa, ya aurar da su da rassan da ya ɗauko daga garin Lushoto. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wasiyya ɗaya ya bar wa matarsa Mwanamvua: muddin itatuwan suna tsaye, kada a yanke wa masu azumi maɗinsu, domin ladan ya riƙa iske shi a kabari.

Bana kuwa ita ce shekarar ƙarshe. Gonar ta faɗa cikin rabon ɗansu Hemedi, shi kuma ya riga ya sanar cewa da an tsinke 'ya'yan zai sare itatuwan ya dasa kabeji, don motocin da ke zuwa daga birnin Tanga kabeji suke tambaya. Hakkinsa ne a shari'a, uwar ba ta ja da shi ba. Abin da ta ƙudurta kawai shi ne ta yi wa mijinta sadakar ƙarshe irin wadda ba a taɓa yi ba. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta kai kasuwa ba, duka za ta dafe.

Aikin maɗi yana da ƙa'idar da duk mai yin sa ta sani, wato kada a daka tuffa sai an ga tukunya zaune a kan murhu. Tuffa tana iya yin makonni a kwando ba ta ce komai ba, amma da an matse ruwanta, a zafin watan girbi, kwana biyu take ba mutum. Tukunyar da za ta ɗauki ruwan itace tara kuwa guda ɗaya ce a duk ƙauyen, ta masallaci, wadda sai maza huɗu ke ɗaga ta, ita ake dafa shinkafar Mauludi da ta zaman makoki. Makullin ɗakin da take ciki yana aljihun Baba Kihiyo, dattijon da ya daɗe yana kula da kayan masallaci.

Mwanamvua ta same shi bayan la'asar yana karkaɗe tabarmi.

"A'a, Maman Hemedi, lokacinmu ya yi ke nan?" in ji shi, yana lashe leɓe. "Wallahi tun Rajab maƙogwarona ke tambayarki."

"To ka gaya wa maƙogwaron naka Talata nake son tukunya, Baba Kihiyo. Ran nan kaɗai mata za su samu zuwa mini gayya."

"Talata? Kafin ki idar da walaha tana ƙofar gidanki. Ki rubuta ki ajiye."

Ranar Talata mata goma sha ɗaya suka hallara da turamensu da tabarensu. An jera manyan duwatsu uku, an tara gungumen itace, an wanke tuffa an zube a kan ganyen ayaba, ja da kore, ƙamshinta ya cika tsakar gida. Hantsi ya dubi ludayi, babu tukunya. Saumu, ƙanwar marigayi, wadda tun amarcin Mwanamvua suke wasa da juna, ta riƙe ƙugu ta dubi murhun.

"Matar yaya, ina tukunyar? Ko a zaninki za mu dafa?"

"Tana tafe."

"Tana tafe da ƙafarta? Ni dai uwata ba ta koya mini dakan tuffa a gaban murhu wayam ba. Mu jira mu gan ta da ido."

"Mu jira har yaushe, Saumu? Sha'aban ne fa. Daga gobe kowacce cikinku tana gidan biki, in na sallame ku yau sai bayan Salla zan sake ganin ƙeyarku. Mutumin da ke riƙe da makullin ɗakin Allah ya ce mini Talata. Shi ne zai yi mini ƙarya?"

 Suka yi bisimilla suka sa tabare. Aka daka, aka ƙulla a buhunan da aka wanke, aka murɗa da sanduna, ruwa yana kwarara cikin kwanoni kamar shayin da bai ji ganye ba. Kafin azahar jarka tara sun cika, kamar kowane itace ya aiko da tasa. Mata suka ci dafaffiyar ayaba da wake, suka yi wa marigayi addu'a, suka watse.

Da yamma Mwanamvua ta sauka masallaci. Ɗakin kaya a buɗe, inda tukunya take zama sai zagayen baƙin tabo a ƙasa. Baba Kihiyo ya sosa ƙeya.

"Ai kin ga, Maman Hemedi, abin ne ya zo da gaggawa. Alhaji Shekiondo mai motoci yana aurar da ɗansa, baƙi tun daga Dar es Salaam. Shi fa ya rufa mana masallacin nan da kwano. Ya aiko, in ce masa me? Gobe da safe, in Allah Ya so, tana gidanki."

"Na riga na matse, Baba."

"Kin matse? Haba! Ke da kika fi kowa sanin aikin nan?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta haɗiye ta, ta hau dutse ta koma gida.

Laraba da safe babu tukunya. Aka ce mata bikin kwana uku ne. Ta bi gidajen maƙwabta neman aron ko da matsakaita, ta tarar duk tukwanen ƙauyen an kwashe su zuwa gidan Alhaji, har da murafensu. Ta dawo ta ɗora nata guda biyu, waɗanda take dafa wa kanta tuwo, ta faskara gungumen da aka tanada don babbar wuta. Wuni guda tana tsaye a kansu, tana kwashe kumfa da ludayi, tana ƙarawa in ya ja baya, hayaƙi yana cin idonta, kiɗan gidan biki yana hawowa daga kwari. Maɗi ba ya jin gaggawa. Sai kashi bakwai cikin takwas sun tafi sama kafin ya yi duhu, ya kama bayan ludayi, ya riƙa sauka kamar zare. Zuwa magariba jarka ɗaya ta iya cinyewa, ta samu kwalba biyu.

Ranar Alhamis, da rana ta fito, ta shiga ɗakin ajiya ta tarar jarkokin takwas sun kumbura ciki. Ta murɗa murfin ta farko, sai ta yi huci kamar maciji, kumfa ta biyo baya, da wani wari mai hawa kai wanda ta sani daga bakin mashaya, ba ta taɓa zaton za ta ji shi a ɗakinta ba. Ta ja da baya tana salati.

A ranar ne bayan azahar maza huɗu suka hawo da tukunya a kan sanduna, maiƙon biki bai ma fita daga cikinta ba, Baba Kihiyo yana biye da su yana haki.

"Ga ta nan, alkawari ya cika! Ɗan tsamin nan ba komai ba ne, ki zuba ki ba shi wuta, wuta tana cinye komai. Wa zai sani?"

Saumu, wadda ta zo duba ta, ta tafa hannu. "Ka ji mai makullin masallaci! Yau kai ne mai ba da fatawar dafa giya? To Allah Ya ƙara ilimi, Baba."

 Zuciyar Mwanamvua ta so ta karɓi maganar Baba Kihiyo, don itatuwa tara ne a cikin jarkokin nan, da wasiyyar mutumin da ta zauna da shi shekara talatin. Amma sadaka ce za ta shiga bakin mai azumi, a rubuta ta da sunan mamaci. Ta yafa mayafinta ta nufi gidan limami, Shehe Mbaraka, ta durƙusa daga bakin zaure ta zayyana masa komai, har da laifinta.

Shehe ya sunkuyar da kai. Shi ma ya ci shinkafar bikin, ya kuma san a wace tukunya aka dafa ta.

"Inna, ba zan ɓoye miki hukunci don in faranta miki ba," in ji shi. "Ruwan da ya tafasa da kansa har ya kai ga sa maye ya zama giya, najasa ne, wuta kuma ba ta tsarkake shi. Ko kin dafa shi ya yi kauri kamar zuma, ba ya halatta."

"In zubar ke nan, Malam?"

"Ba lallai ba. Tunda ba da nufin giya kika matse shi ba, malamanmu sun yarda a ajiye shi. Ki rufe bakinsa da ƙyalle ki ƙyale shi. Idan ya juya da kansa ya zama khal, wato ruwan tsamin nan da ake zuba wa abinci, ya tsarkaka, shi da mazubinsa. Amma sharaɗi guda: kada ki jefa komai a ciki don ki gaggauta shi, ko gishiri, ko albasa. Da kin sa hannu, ya ɓaci har abada."

"Khal," ta maimaita. "Mai azumi zai zuba khal a kunu?"



Ranar ɗaya ga azumi ta kai kwalabenta biyu masallaci. Suka yi kwana huɗu suka ƙare. A rana ta biyar wani daga sahun baya ya leƙa kofinsa ya ce, har ana ji daga wajen mata, bana gidan Mndolwa an koyi rowa. Baba Kihiyo yana wurin, yana raba dabino, bai ɗago kai ba. Cikin goman tsakiya Hemedi ya kawo masu gatari. Tana ɗaki tana jan carbi, tana ƙirga faɗuwar itatuwan ba tare da ta so ba, har tara.

Jarkokin kuwa suna nan a kusurwa, ƙananan ƙudaje suna kewaya ƙyallayen. Ba ta taɓa su ba. Bayan Salla da mako uku ta buɗe ɗaya, warin giya ya tafi, wani kaifi mai tsabta ya bugi hancinta. Ta aika wa Shehe ɗan kaɗan a kofi, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya aiko cewa ya halatta.

A al'adar gidan, duk shekara akwai kwalabe ashirin da take cikawa da maɗi ta raba wa gidajen dattawan masallaci. Ta fito da su ta wanke, ta cika su, ta toshe bakinsu da totuwar masara kamar kullum. Saumu ta ɗauki rabi a kwando, ita ta ɗauki rabi. Gidan Alhaji Shekiondo ma an kai.

Ta Baba Kihiyo ita ta miƙa masa da hannunta, a ƙofar ɗakin kaya, inda tukunya ta koma mazauninta an kife ta. Fuskarsa ta washe. Bai ko duba launin ba, ya zare totuwar, ya yi bisimilla ya kurɓa. Nan take ya shaƙe, ya dafa bango yana tari, hawaye suna bin gemunsa.

"Subhanallahi! Maman Hemedi, mene ne wannan?"

"Sadakar Athumani ce, Baba, ta ƙarshe. Ka sha da kwanciyar rai, Shehe ya ce halal ne. Ban sa masa komai ba, jira kawai ya yi."

Ta gyara kwandonta a ka, ta hau hanyar dutse. A gangaren bayan gidanta kabejin Hemedi ya fara yin kai, layi-layi, a tsakanin kututture tara. Ta tsaya a wurin ta ɗaga hannu ta roƙa wa mijinta gafara. Ta so ta haɗa da mutanen ƙauyen a cikin addu'ar, kamar yadda ta saba tun tana yarinya, harshenta ya ƙi. Ta nemi gafarar Ubangiji a kan wannan ma, ta shafa, ta shiga gida.