Bamba Ce Ta Karye

"Wannan ba ƙarfe ba ne, Injiniya, gwangwanin madara ne aka yi wa kwalliya."

Baba Titus ya ƙwanƙwasa bambar mota da bayan sifana, ta yi ƙara irin ta langar da ba kome a ciki. Ina tsaye a gefe da ma'auni a hannu, a rumfarsa ta walda da ke Gauraka, bakin titin Kaduna. Bamba biyu ce a ƙasa, a bayan jif ɗin Injiniya Dauda, ɗan kwangilar haƙa rijiyar burtsatse. Ɗaya fara ce fat, tana ƙyalli, an sayo ta cikin kayan Beljiyam, haɗe da maratayin tayar safaya mai siririn hinji guda ɗaya. Ɗayar kuwa baƙa ce, mummuna, ba a ma gama ta ba. Baba ne ya yanko ta daga ƙarfen tsohuwar tirela, ya auna ta daidai da wannan motar, ya tanadar mata hinji biyu masu kaurin damtsena.

"Baba Walda, kai dai zamani ya wuce ka," in ji Injiniya, yana karkaɗa makulli. "Da motar nan nake shiga ma'aikatu a Abuja. In je da wannan abin naka a gindinta, ai maigadi zai ɗauka shara na zo kwashewa."

"Da ita kuma kake shiga dajin Gawu. Tayar nan ta fi buhun masara nauyi, kowane rami aka faɗa hinjin nan ne zai sha wahala. Ga shi in cikin motar ya cika, a kan bamba leburorinka suke tsayawa. Na gani da idona."

Na ce, "Kaurinta bai kai milimita biyu ba, na auna. Ba za ta ɗauki mutum ba."

Sai a lokacin Injiniya ya waiwayo ya dube ni, tun daga ɗankwali har takalmin aiki.

"Baba, wannan kuma fa? Malama, je ki auna garin tuwo."

Sunana Sa'ida. Gida ɗaya muke haya da su Baba Titus a unguwar Hashimi tun ina aji uku na firamare, lokacin da aiki ya taso da mahaifina daga Zariya. Ƙofarsu tana kallon tamu, rijiyarmu ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Allah bai ba shi haihuwa da matarsa Mama Ladi ba, sai suka ɗauke ni kamar su suka haife ni. Shi ya fara ɗora mini gilashin walda a fuska. Shi ya zauna da mahaifina har sau uku kafin aka bar ni na tafi Bida na karanto aikin injiniya, ni kaɗai mace a ajinmu. Babu sunan da ba a kira ni da shi ba, daga mata-maza har uwar tartsatsi. Na shanye duka, na fito ta biyu a aji. Don haka maganar garin tuwo ba sabuwa ba ce a kunnena. Sai dai ni ba na mantuwa.

"Motarka ce," in ji Baba a ƙarshe. Ya ɗaura masa farar, ya matse kowane noti iyakar ƙarfinsa. Da zai ba shi makulli ya ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka bar kowa ya hau ta."

Baƙar kuwa muka ja ta zuwa ƙuryar rumfa.

Kwana goma sha biyu bayan haka, cikin watan Afrilun 1996, wani ƙarfe ya karye a injin haƙar Injiniya a wani ƙauye bayan Gawu Babangida, ya zo ya ɗauki Baba ya je ya gyara. Direbansa Filibus ne ya ba ni labarin sauran. Har aka kai Gawu, Baba yana zaune a cikin motar. A can suka ɗauki baƙi uku masu farar shadda da za su duba aikin, sai Injiniya ya dubi kayan Baba duk baƙin mai, ya ce, "Baba, ɗan tsaya a baya ka riƙe taya, kada ka ɓata wa manya kaya. Ba nisa."

A gangaren wani rafi hinjin ya tsinke. Bambar ta lanƙwashe kamar ganyen kwano. Baba ya faɗi ta baya a kan duwatsu, tayar ta biyo shi ta sauka a ƙirjinsa.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Likitoci suka ce haƙarƙari huɗu sun karye, kuma jini yana zuba a ciki inda hannunsu ba ya kaiwa. Ya ce a mai da shi gida. Muka shimfiɗa masa katifa a ƙasa kusa da taga, muka jingina shi da matasai uku domin ba ya iya numfashi a kwance.

"Baba, kai da ka san abin da bambar nan take, me ya sa ka hau?" na tambaye shi.

"Mutanen ƙauyen wata biyu suna jiran ruwa, Injiniyata." Haka yake kirana. Ya huta, sannan ya ƙara da cewa, "Kuma na ce a raina, tunda ni na ɗaura ta, ƙila ta ji kunyata."

Rana ta huɗu Injiniya Dauda ya zo dubiya da rabin buhun shinkafa. Bai shiga ɗakin ba. Ya tsaya a tsakar gida inda dattawan cocin su Baba suke zaune a benci, ya girgiza kai, ya yi ƙasa da murya daidai yadda kowa zai ji.

"Tsautsayi ne. Na ce ya zauna a ciki ya ƙi. Kun dai san tsofaffinmu da burkutun kasuwar Gawu."

Shekara talatin rabon Baba Titus da giya, duk Hashimi an san haka. Amma ƙarya in ta fito daga bakin mai mota, da ƙafa huɗu take tafiya. Kafin Lahadi na ji ta a bakin rijiya, na ji ta wurin mai ƙosai. Dattawan coci suka aiko mutum biyu su tambayi Mama Ladi ko da ma yana taɓawa a ɓoye. Matar da ba ta zubar da hawaye ba ranar da aka kawo mijinta jina-jina, ran nan na same ta a bayan madafa ta cusa zani a baki don kada ya ji kukanta.

Washegari sai ga Filibus da jif ɗin a rumfa, ya kasa haɗa ido da ni.

"Anti Sa'ida, Oga ya ce wai a ƙarasa baƙar nan a ɗaura. Damina ta kusa, zai koma daji."

Na dubi motar, na dubi karyayyar bambar da ke cikinta. 

"Bar ta," na ce. "Ka ce masa ni zan yi da hannuna."

Akwai waldar da muke kira ta ƙarya. Ka rage wa inji wuta, narkakken ƙarfen ya hau saman gaɓa ya zauna ba tare da ya shiga ciki ba. Ka goge, ka shafa fenti, ko wanda ya koya maka ba zai gane ba. Za ta yi mako guda, ko biyu, sannan wata rana ana tsakiyar gudu ta saki. Na yi gaɓa uku haka a yinin farko, kuma ban taɓa yin aiki mai kyan gani kamarsu ba.

Da la'asar na koma gida na shiga gaishe shi. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, amma idonsa yana nan yadda na san shi.

"An ce motar Dauda tana rumfa."

"Tana can."

"Wuta nawa kika sa wa injin?"

Na ci gaba da gyara masa matashi.

"Sa'ida. Tun kina 'yar mitsitsiya, in kika ƙulla abu sai ki daina surutu. Zauna." Na zauna. "Tunda kike, kin taɓa ganin Dauda a bayan mota?"

"A'a."

"To in ta saki, wa zai faɗo?"

Shi ya amsa wa kansa.

"Wani Titus ɗin ne zai faɗo. Ko tayar ta shige gilashin bas ɗin da ke biye da shi. Shi yana gaba, ya kunna kaset."

"To in ƙyale shi ke nan, Baba? Ya karya ka, ya kuma ce maye ka yi! Mama ba ta iya zuwa rijiya sai kowa ya watse!"

Ya fara dariya, zafin ƙirji ya tsayar da shi. Sai da ya daɗe yana neman numfashi, sannan ya kamo hannuna.

"Ni ban ce ki ƙyale shi ba. Cewa na yi kada ki ɓata mini walda."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Mama Ladi tana ba shi kunun gyaɗa da cokali, mahaifiyata tana yi masa fifita. Ya ce a buɗe tagar sosai. A waje ana ta jan guga, wata maƙwabciya tana yi wa akuya tsawa. Ya karɓi cokali biyu, na uku ya tsaya a leɓensa. Muka binne shi ranar Asabar. Injiniya ya aiko da furen roba.

Litinin da sassafe na buɗe rumfa. Na sa garinda, injin yankan ƙarfe, na yanke gaɓoɓin nan uku har sai da babu alamarsu. Na ƙara wa inji wuta yadda ya koya mini, na bi kowace gaɓa sau uku, ciki da waje. Na ɗora hinji biyun, na yi wa maratayin tayar sakata mai kauri. Ban ɗaura bambar da noti ba. Haɗe ta na yi da ƙarfen gindin motar, ta zama jiki ɗaya da ita.

Masu walda suna da al'ada, in sun gama ƙofar gida sai su rubuta shekara a jikinta da narkakken ƙarfe. Na ɗauki sabuwar sandar walda, na durƙusa a bayan motar. Kowane harafi tsawon tafin hannu, na bi shi sau biyu don ya taso sosai, daga wannan ƙarshen bambar zuwa wancan:

TITUS BAI SHA KOME BA. BAMBA CE TA KARYE. 1996.

Na shafe ta da baƙin fenti. Karyayyar farar kuma na rataye ta a gaban rumfa, inda duk mai wucewa zai gani.

Ranar Talata da rana Injiniya ya zo karɓar mota. Ban gayyaci kowa ba, amma masu waldar Gauraka duk sun bar aikinsu sun zo sun zauna, har da masu sayar da abinci. Mama Ladi ma ta zo cikin baƙin zaninta, ta zauna a kujerar mijinta.

Injiniya ya zagaya bayan motar yana murmushi. Na ga leɓɓansa suna motsi yana karantawa, na ga murmushin ya bushe.

"Ke! Mene ne wannan? Goge shi yanzun nan!"

"Ba alli ba ne, ranka ya daɗe."

"To a cire bambar gaba ɗaya!"

"Sai dai a yanka gindin motar. Auna ta na yi sosai. Ka san mu da awon garin tuwo."

Ya juya wurin Gidiyon, wanda ya fi kowa babbar rumfa a layin, kuma a hannun Baba ya koyi aiki. "Kai, kawo garinda ka share mini wannan."

"Wayyo Oga, tawa ta ƙone jiya," in ji Gidiyon, yana sakace haƙori.

"Tawa ma," in ji na kusa da shi.

"Abin annoba ne," in ji wani daga baya. "Har garin Madalla ta kai."

"Zan kira 'yan sanda!"

"Kira su," na ce. "Su ma sun iya karatu. Ga wadda ta karye can a rataye, ga Filibus da ya ga wanda aka ce ya tsaya a baya. In kuma fenti za ka ƙara, ƙara, shi yake fito da rubutun."

Na yafuto ƙarti huɗu suka hau bambar, suka yi tsalle a kanta tare. Motar duka ta girgiza, bambar ko gezau.

"Ga aikin wanda zamani ya wuce," na ce. "Yanzu ko wa ka tura baya zai dawo gidansu da ƙafarsa."

Ya duba agogo. Ana jiransa a Gawu, kuma ba shi da wata motar da za ta shiga dajin. Dole ya ratsa kasuwa da ita, ya ajiye ta a gaban sakatariya, gobe kuma ya shiga Abuja da ita. Ya buɗe ƙofa ya shiga, ya maido ta da ƙarfi.

"Filibus, ja mu tafi!"

Filibus ya sa makulli, amma bai murɗa ba. Yana kallon madubi. Mama Ladi ce ta taso a hankali ta zo bayan motar. Ba ta yi boko ba. Ta dube ni, na kama hannunta na ɗora a kan harafin farko.

"Nan ne sunansa?"

"Nan ne, Mama."

Ta bi haruffan biyar da yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggauta ba. Injiniya yana ta faɗa a ciki, babu wanda ya kula shi. Sai da ta ɗauke hannunta sannan Filibus ya tayar da mota, suka hau titi suka nufi garin Dikko, hanyar Gawu.

Fentin bai gama bushewa ba. Mama Ladi ta koma kujerar Baba ta zauna, ta ɗora hannunta a cinya, tafin yana kallon sama, baƙin fenti a kan yatsunta uku. Na miƙa mata tsumma. Ta girgiza kai.