Taurarin da Maiwada Ya Ce Suna Ƙaura

Kai ma kana da laifi, domin ka manta rabonka da ɗaga kai ka dubi sama. Haka mutanen Toranke suke, shi ya sa suka ce tsufa ya rikita Malam Maiwada.

Shekara arba'in shi ke faɗa wa unguwarsu ranar binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Bayan magariba yakan dubi yamma. In tarin taurarin nan da ake kira Kaza ya kusa ɓacewa, sai ya ce a fitar da iri. Bana kuwa ya shigo gida yana cewa ya ga taurari sun jeru kamar shanu suna ƙaura. Babban ɗansa Gwadabe ya karɓe mukullin ɗakin iri, ya ce daga yau waya za a riƙa tambaya.

Autar Maiwada, Khaula, mai koyar da kimiyya a Ajingi, ta zo ran Juma'a ta tarar da uban a zaure shi kaɗai, ba mai zuwa tambayarsa. Ranta ya ɓaci. Ta ce wa Gwadabe Baba bai ruɗe ba, taurarin ɗan'adam ya gani, waɗanda kamfanonin waje ke harbawa dubbai saboda intanet, har masana taurari na kukan suna ɓata musu hotunan sama.

"To Malama, sai ki kai ƙara saman," in ji Gwadabe.

"Yaya, kai yaushe ka duba?"



Ta binciko a wayarta lokacin da jerin zai sake wucewa. Ran Asabar, ana idar da magariba, ta tare hanyar masallaci, ta ce ba mai tafiya cin tuwo sai ya dubi yamma. Kawu Kamalu ya ce wannan ba tsayuwar mace ba ce. Ta ce ta ji, a duba dai.

Sai ga su, farare, ɗaya na bin ɗaya, sun fi ashirin. Maiwada ya jira suka wuce, sannan ya nuna can ƙasa-ƙasa.

"Ga Kaza can. Kwana huɗu, a yi binne."

Gwadabe ya zaro mukullin ya miƙa masa, yana gunagunin wai da ma ba a yi musu bayani sosai ba ne. Khaula ba ta huce ba. Ta ce bana ashirin ne, baɗi ɗari, wata rana ko mai ido ba zai gane Kaza ba, kuma ba wanda ya nemi shawarar Toranke. Washegari ta rubuta takarda zuwa ga ɗan majalisarsu. Maiwada ne ya fara dangwala yatsa.

Kai kuma, yau bayan magariba ka ajiye wayar nan ka fita. Ka ƙirga taurari masu tafiya, ka rubuta wa wakilinka, ka tambaye shi wa ya ba da izini.