Garmar da ta liƙe wa motar Yaya

Yayana mai walda ne, yana yawo gona-gona da janareta a bayan wata tsohuwar akori-kura. Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya: ɗinkinsa bai taɓa ɓallewa ba. Ko ta'aziyya ya je sai ya sako maganar.

Ranar da ƙarfen garmar taraktar maigidana ya rabe biyu, ni na kira shi. Ya zo da fankama, ya jingina garmar da bambar motarsa don ta tsaya daidai, ya rufe fuska, ya shiga feshin wuta yana ba maƙwabta labarin kansa. Aiki kam ya yi kyau. Sai dai da aka zo jan garmar, motar ta biyo ta. Garin surutu ya haɗa su.

Dariya ta kusa kayar da ni. Injin yankansa kuwa yana gida, don a cewarsa mai yanka shi ne mai kuskure. Maigidana ya ɗauko guduma. Yaya ya harɗe hannuwa ya ce a bar wahalar da kai, ko wuni za a yi ana duka ba za ta saki ba.

Bugu ɗaya, ta faɗi ƙasa.

Kowa ya ji daɗi ban da shi. Fuskarsa ta yi kamar an zare masa laka, har sai da ya ba ni tausayi. Wani maƙwabci ya yi tari mai kama da dariya.

"Wannan ai ba ɗinki ba ne, tartsatsi ne ya taɓa," in ji Yaya.

"Mun yarda, Yaya. Zo ka sha ruwa," na ce.

Bai saurare ni ba. Ya ce ba zai bar wurin nan ana cewa aikinsa ya saki ba. Kafin mu ankara ya mayar da garmar jikin bamba, ya ɗinke ta ciki da waje, ya miƙa wa maigidana gudumar.

Maigidana ya buga har ƙotar ta karye. Maƙwabta suka karɓa da tasu, suka gaji. Rana ta yi tsaka, gonarmu ko kunya ɗaya ba a ja ba.

Yaya ya kama hanyar gida a ƙasa don ɗauko injin yanka, yana tafe yana gaida mutane da hannu biyu. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.